Yadda Ake Ceto Tsohuwar Hasumiyar Fitila ta Bakin Teku

A watan Nuwamba na 1998 masu gadin fitila na ƙarshe a Ingila suka sauko daga hasumiyar North Foreland, wadda fitilarta ke nuna wa jiragen ruwa hanya da dare, aka bar wa na'ura aikin kunnawa da kashewa. Haka aka yi ta yi a ƙasashe da dama, kafin wannan shekara da bayanta. Fitilar ba ta daina haske ba. Abin da ya tsaya shi ne aikin hannun mutumin da yake goge gilashi kowace safiya, ya buɗe kafofin iska da rana, ya ga ɗigon ruwa a silin ya toshe kafin mako ya zagayo. Yawancin tsofaffin hasumiyoyin da ke lalacewa a yau ba guguwa ce ta kayar da su ba. An kulle ƙofa ne aka tafi, ruwa da gishiri suka samu shekaru suna aikinsu babu mai hana su.

Saboda haka duk wanda zai ceci irin wannan gini, ƙungiya ce ko hukuma ko mutanen gari, ya san cewa gurbin mai gadin nan zai cike. Kuma aikin yana da jeri. Wanda ya fara da fenti ya bar yoyo a sama ya yi asarar kuɗinsa.

Mataki na 1: Ku san mai ita, ku san ko tana aiki

Kafin ku taɓa ko ƙusa, ku gano wanda doka ta ba ginin. Sau da yawa masu shi sun fi ɗaya: fili na wata hukuma, hasumiya ta hukumar tashoshin jiragen ruwa ko ta masu tsaron gaɓar teku, gidajen masu gadi kuma an sayar wa wani tuntuni. A Ingila da Wales hukumar Trinity House ce ke riƙe da manyan fitilu, tana da takardar izinin sarauta tun 1514. Amurka ta yi doka a 2000 wadda ta ba da damar miƙa hasumiyoyin da gwamnati ba ta buƙata ga ƙungiyoyin sa-kai da ƙananan hukumomi kyauta, bisa sharaɗin za su kula da su, su kuma bar jama'a su shiga. Idan ba a samu mai karɓa ba sai a yi gwanjo. Kanada ta yi tata dokar a 2008. Kowace ƙasa da tsarinta, ku nemi na ƙasar da hasumiyar take, kuma duk yarjejeniyar da za ku yi ta zama a rubuce.

Idan har fitilar tana aiki, akwai rayuka a bayanta. Kowace hasumiya tana da salon ƙiftawa da aka rubuta a taswirar matuƙa jirgin ruwa, wata sau biyu a daƙiƙa goma, wata ja da fari. Launin jikinta ma alama ce ta rana: ratsin baƙi da fari, ko ja da fari, shi ke gaya wa matuƙi wace gaɓa yake kallo. Ba ku da ikon canza launin, ko rufe haske da tamfol, ko kashe fitila ko da dare ɗaya ne, sai hukuma ta amince ta kuma fitar da sanarwa ga matuƙa.

Mataki na 2: Ku tono tarihinta kafin ku tono bangonta

Wannan mataki ne masu gaggawa suke tsallakewa, kuma shi ne yake hana ɓarna daga baya. Tsohuwar hasumiya ba gini ɗaya ba ce, gini ne a kan gini. Hasumiyar Hercules da ke A Coruña a Sifaniya ta Rumawa ce, ta kusa shekara dubu biyu, amma dutsen da mai ziyara yake gani a waje na gyaran da injiniya Eustaquio Giannini ya fara ne a 1788, ya lulluɓe ginin Rumawan a ciki. Ta Cordouan a bakin kogin Gironde na Faransa an gama ta a 1611, sannan aka ƙara mata tsawo wajen 1790. UNESCO ta sa ta farko cikin kayan tarihin duniya a 2009, ta biyu a 2021, kuma duk da ƙare-ƙaren da aka yi musu aka karɓe su. Wanda bai san wannan ba zai iya rushe wani sashe yana cewa "ba na asali ba ne", alhali shi ma ya kai shekara ɗari biyu.

Ku nemi abubuwa huɗu. Na farko zanen gini na asali da takardun kwangila, waɗanda galibi suna gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa, ko na ƙasar da ta yi mulkin mallaka idan a zamaninta aka gina. Na biyu littattafan da masu gadi suke cikewa kullum: lokacin kunnawa, yanayin iska, man da aka ƙona, ranar da tsawa ta faɗo, shekarar da bango ya fara tsagewa. Na uku tsofaffin hotuna da taswirori, domin su ne za su nuna inda bakin teku yake a da. Na huɗu yana jikin ginin kansa: ku duba gindin babban gilashin da ke tattara hasken fitila da injin da ke juya shi, za ku ga farantin tagulla mai sunan kamfanin da ya ƙera da shekara. Sunayen da aka fi gani su ne Chance Brothers na kusa da Birmingham, da kamfanonin Paris irin su Henry-Lepaute, Sautter, da Barbier, Bénard et Turenne.

Sai mutane. Tsofaffin masu gadi da matansu da 'ya'yan da aka haifa a gidajen hasumiya suna ƙarewa. Ku je musu da na'urar ɗaukar murya tun yanzu, kada ku jira sai an samu kuɗin gyara. Ku tambaye su wace taga ce take yoyo idan iska ta juya, da me suke kwaɓa farar ƙasa, ina rijiya take. Amsoshin nan babu su a kowane zane.

Mataki na 3: Ku rubuta halin da take ciki, daga sama zuwa ƙasa

Ku bi ginin yadda ruwan sama yake binsa. Ku fara da kan rufi da bututun iska da ƙarfen kare tsawa, ku sauko ɗakin fitila, baranda, bango, tagogi, matakala, har gindi. Kowane ɗaki da kowace taga a ba ta lamba. A ɗauki hoto da ma'auni a gefe, a rubuta kwanan wata. Jirgi maras matuƙi yana ɗauko hoton wuraren da ba a kaiwa sai da igiya, kuma daga ɗaruruwan hotuna kwamfuta tana iya haɗa siffar ginin gaba ɗaya da awonsa. Ku ajiye kwafi a wurare biyu.

Tsaga ba duka ɗaya ba ce. Akwai wadda ta tsaya tun shekaru hamsin, akwai mai tafiya. A manna mata ma'aunin tsaga, a riƙa karantawa wata-wata har shekara ta zagayo, don zafi da sanyi suna buɗe ta su rufe. Wadda take ƙara faɗi ba komawa, ko hasumiyar da ta fara karkata, wannan aikin injiniyan gini ne wanda ya saba da tsofaffin gine-gine.

Tun a wannan zagaye ku ɗauka akwai guba har sai gwaji ya nuna babu. Tsohon fenti yana da dalma. Ɗakin inji da bututu sukan ƙunshi asbesto, wato abin hana zafi da ƙurarsa ke cutar da huhu. Mafi haɗari kuma zaiba: daga shekarun 1890 aka fara ɗora manyan gilasai a kan kwarmi cike da zaiba, har mutum yana iya juya gilashi mai nauyin tan da yawa da yatsa ɗaya. Zaiba tana tashi tururi ko babu wuta, ba ta da wari, tana kuma taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Idan kun ga ɗigo mai ƙyalli a tsagar daɓe, kada a share, kada a zuƙe da inji. A fita, a bar iska ta shiga, a kira masu kwashe guba. 'Yan sa-kai ba su da hurumi a nan, komai ƙwazonsu.

Mataki na 4: Ku tsayar da ruwa, ku saki iska

Nan ne zuciyar aikin, kuma abin mamaki shi ne mafi arha.

Ruwa yana shiga ta wurare sanannu: gilashin ɗakin fitila da ya fashe, danƙon da ke riƙe gilashi da ya bushe, mahaɗar farantan baranda, indararon da kashin tsuntsu ya toshe, da bakin taga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku toshe waɗannan tun kafin babban gyara, ko da na wucin gadi ne, amma da abin da za a iya cirewa ba tare da ya ɓata asali ba.

Sai dai toshe yoyo daban, toshe numfashin gini daban. Masu ginin sun tsara hasumiya ta riƙa jan iska daga ƙasa tana fitarwa ta bututun kan rufi, zafin fitilar mai kuma yana taimaka wa jan. Da aka koma ƙaramin ƙwan lantarki, aka kuma liƙe tagogi da bulo ko faranti don tsoron ɓarayi, sai iska ta tsaya. Danshi ya taru, bango ya riƙa zufa, matakalar ƙarfe ta riƙa ɗiga da safe ko ba a yi ruwa ba. Maganin shi ne a buɗe kafofin iska na asali, a goge su su riƙa motsi, a sa musu raga don tsuntsu. Inda aka liƙe taga, a mayar da ita ko a sa murfi mai ratsi wanda iska ke ratsawa. Ku ba ginin lokaci ya bushe. Bango mai kaurin mita biyu ba ya bushewa cikin wata ɗaya, kuma duk yaɓe ko fentin da aka yi masa yana jiƙe zai ɓare.

Ku sa a gwada ƙarfen kare tsawa daga sama har inda ya shiga ƙasa. Wanda ya yanke a tsakiya, ko aka sace jan ƙarfensa, ya fi babu haɗari.

Mataki na 5: Bango da ƙarfe

Kuskuren da ya fi kashe tsofaffin hasumiyoyi an yi shi ne da kyakkyawar niyya: siminti. Ginin da aka yi kafin siminti ya yaɗu, da kwaɓin farar ƙasa aka ɗaure duwatsunsa ko jan bulonsa. Wannan kwaɓi ya fi dutsen taushi, yana barin danshi ya fita ta mahaɗa, gishirin teku ya taru a cikinsa ya ci shi a hankali. Bayan shekaru sai a ƙwaƙule a sake cikawa, dutse yana nan lafiya. Siminti kuwa ya fi tsohon bulo tauri, ba ya barin danshi ya wuce. Sai danshin ya bi ta cikin bulon, gishiri ya daskare a ƙarƙashin fuskarsa, fuskar ta ɓare ta faɗo, a bar layin siminti a tsaye bulo ya rarake. Fentin roba mai hana ruwa ma haka yake yi, yana kulle danshi a ciki.

Don haka a ɗebi samfurin tsohon kwaɓi a kai ɗakin gwaji, a haɗa sabo mai kama da shi. Akwai irin farar ƙasar da take ƙanƙara ko a cikin ruwa. Injiniyan Ingila John Smeaton ne ya yi gwaje-gwajen da suka fito da sirrinta lokacin da yake gina hasumiyar Eddystone ta uku a cikin teku kusa da garin Plymouth, wadda aka kunna a 1759, ya kuma sassaƙa duwatsun suna shiga cikin juna. A ƙwaƙule mahaɗa da hannu. Injin yanka yana cin gefen bulo, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Kada a wanke bango da yashi mai ƙarfin iska ko ruwa mai matsi sosai. Ruwan kwaɓi da yashinsa kuma su zama marasa gishiri, ko da daga nesa za a ɗauko su. Kafin a ba birkila dukan aikin, ya yi gwaji a ɗan wuri ƙarami a gani.

Ƙarfe yana da tasa cutar. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki da yawa, don haka ƙarfen da aka binne a bango, kamar gindin matakala ko sandunan da ke ɗauke da baranda, idan ya yi tsatsa yakan kumbura ya fasa dutsen da ke kewaye da shi. Tsagar da ta fito daidai inda ƙarfe ya shiga bango, mai jan ruwa a ƙarƙashinta, wannan ce. Cike ta ba ya magani, sai an buɗe an kai ga ƙarfen. Haka nan inda tagulla ko jan ƙarfe ya haɗu da baƙin ƙarfe cikin danshin gishiri, baƙin ne yake narkewa, sai a raba su da abin da ba ya ɗaukar lantarki. Ƙarfen zubi kuma ba a ba kowane mai walda, zafi yana tsaga shi. Akwai masu ɗinke shi a sanyi, akwai maƙeran da za su zuba sabo daga siffar tsohon.

Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka yarda da ita, tun Yarjejeniyar Venice ta 1964 da ta Burra ta 1979 kan kula da wuraren tarihi, ita ce a yi iya abin da ya zama dole, a bar sauran. Gyara ya fi canji. Abin da aka cire a sa masa lamba a ajiye. Fenti shi ne na ƙarshe, da launin da hukuma ta sani.

Mataki na 6: Gilashin

Idan hasumiyar tana da gilashinta na asali, shi ne dukiyarta mafi daraja. Augustin Fresnel, injiniyan Faransa, shi ya tsara gilashi mai zobba-zobba da ke tattara hasken ƙaramar fitila ya harba shi nesa, aka fara ɗora shi a Cordouan a 1823. Ana kasa su aji-aji, daga aji na ɗaya, wanda mutum ke tsayawa a cikinsa, zuwa na shida na bakin tashar jirgi. Kamfanonin da suka ƙera su sun daina tuntuni. Yanki ɗaya da ya fashe ya tafi ke nan, sai dai kwaikwayo.

A nan ne ake neman gira a rasa ido. Mai son gyara yakan zo da maganin goge tagulla da ruwan wanke gilashi mai amoniya, ya goge har ya sassauta danƙon da ke riƙe kowane yanki. Danƙon nan mai dalma ne, ya tsufa ya zama gari, wani yankin nauyinsa kawai ke riƙe da shi. Kafin a taɓa, a duba kowane yanki ko yana motsi. Idan yana yi, a tsaya a kira ƙwararre. Idan lafiya yake, a cire zobe da agogo, a sa safar hannu, a kaɗe ƙura da burushi mai laushi, sannan a goge da ƙyalle mai laushi da tataccen ruwa da ɗan barasar asibiti. Tagullar da ta yi duhu a bar ta da duhunta.

Da rana a sauke labule. Gilashin da ke harba haske waje yana kuma tattara rana zuwa ciki, har ya ƙona abin da ke tsakiya. Shi ya sa masu gadi suke rufe shi da gari ya waye. Ra'ayina shi ne gilashi ya zauna a ɗakin da aka ƙera shi dominsa, ko da ƙwan LED aka sa a ciki ko a baranda. Sai idan ɗakin ya gagara tsaro ko bushewa za a kwance shi a kai gidan tarihi mafi kusa.

Mataki na 7: Idan teku ce ke matsowa

Ku auna tazarar da ke tsakanin gindin hasumiya da bakin gaɓa daga turaku tsayayyu, sau biyu a shekara da bayan kowace babbar guguwa, ku gwada da tsofaffin taswirori. Wannan zai ba ku kimanin shekarun da suka rage. Katangar duwatsu tana sayen lokaci, amma sau da yawa tana tura zaizayar zuwa gaɓar maƙwabta.

An sha ɗaga hasumiya sukutum. Ta Cape Hatteras a Amurka, ta jan bulo, mai tsawon kusan mita 60, an gina ta a 1870 nesa da ruwa, teku ta ci ƙasa har ta kusa gindinta. A 1999 aka yanke ta daga tushe, aka ɗora ta kan jak da dogo, aka ja ta kimanin mita 880 cikin kwana 23. Har gidajen masu gadi aka kwashe aka jera su yadda suke a da. A Denmak, ranar 22 ga Oktoba 2019, aka ja hasumiyar Rubjerg Knude mai nauyin tan 720 mita 70 daga bakin gangare. Sharaɗin shi ne a yanke shawara da wuri, domin manyan injina suna buƙatar ƙasa mai ƙarfi a kowane gefe. Idan gaɓa ta matso sosai babu inda za su tsaya.

Wani lokaci kuma ba ta cetuwa. Dutsen da hasumiyar Smeaton take kai ne ruwa ya rarake, aka gina sabuwa a 1882, mutanen Plymouth suka tara kuɗi aka kwance saman tsohuwar aka sake gina shi a tudu. Ta Orfordness a Ingila, wadda aka gina a 1792 aka kashe fitilarta a 2013, an rushe ta a 2020 kafin teku ta kayar da ita, bayan an cire abubuwan da za a iya ajiyewa. Idan wannan ce makomar taku, to awo da hotunan mataki na uku su ne za su rage, ku yi su da kyau. Hasumiyar Iskandariyya ta Masar da girgizar ƙasa ta 1303 da ta 1323 suka kassara, har yau masana suna gardama kan ainihin tsawonta, saboda abin da aka gada bai wuce bayanin matafiya da 'yan zane-zane ba, sai duwatsun da masu nutso suka gano a ƙasan teku a 1994.

Mataki na 8: Ku ba ta aiki da mai duba ta

Ginin da babu mai shiga zai koma inda ya fito cikin shekara goma. Hasumiyar Cape Agulhas a Afirka ta Kudu an kunna ta a 1849, aka kashe ta a 1968 saboda duwatsun bangon suna rugurgujewa, aka mayar da fitila kan wata hasumiyar ƙarfe. An sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1973, gidan tarihin yankin da hukumar gari suka tsaya aka gyara ta, ta koma aiki a 1988, kuma akwai gidan tarihi a cikinta. Gidajen masu gadi su ne suka fi dacewa da masauki, ajin ɗalibai ko ɗakin baje koli. Hasumiyar kanta a rage mata kaya. A ƙayyade yawan masu hawa lokaci ɗaya bisa abin da injiniya ya ce matakala da baranda za su ɗauka, kuma kuɗin shiga a ware wani kaso da ba a taɓawa sai don gyara.

Sannan a rubuta jadawali da sunan wanda zai yi kowane aiki. Kowane mako: zagaye, buɗe kafofin iska, duba labule. Kowane wata: share indararo, wanke gishiri daga gilasan ɗakin fitila da ruwa mai daɗi, karanta ma'aunin tsaga. Bayan kowace guguwa: hawa sama a duba yoyo tun bango yana jiƙe. Kowace shekara: gwajin ƙarfen kare tsawa, taɓa fenti inda tsatsa ta ɓullo, sabbin hotuna daga wuraren da aka ɗauki na bara. Duk shekara biyar injiniya ya sake bin ginin daga sama zuwa ƙasa. A buɗe sabon littafi a ajiye a gindin matakala, duk wanda ya yi zagaye ya rubuta kwanan wata, abin da ya gani, da abin da ya gyara.